Ra'ayinmu: Kwamfutar Wasa Mai Araha, A Auna Kafin A Saya

Duk wanda ke lura da al'amuran ɗalibai a 'yan shekarun nan zai ga cewa wani sabon buri ya shigo tsakaninmu, watau burin mallakar irin kwamfutar tafi-da-gidankan nan mai kauri da nauyi, mai madannai masu haske, wadda masu ƙera ta suka ce don wasanni aka yi ta. Ba 'yan wasa kaɗai ke nemanta ba. Ɗaliban fannin zanen gine-gine, da na injiniya, da na safiyo, da masu koyon haɗa fim, duk sun gano cewa injin da ke iya ɗaukar wasa mai nauyi shi ne kuma ke iya ɗaukar manhajojin da malamansu ke umurtarsu da su koya. Haka nan matasan ma'aikata, da zarar albashi ya fara shigowa, sai hankalin da yawa daga cikinsu ya koma can. Tun da kuwa ba kowa ke da ƙarfin sayen manyan ba, sai aka raja'a a kan waɗanda ake kira masu araha. Wannan mujalla tana ganin lokaci ya yi da za a zauna a duba al'amarin da idon basira, domin kuɗin da ake zubawa a ciki ba ƙanana ba ne, kuma sau da yawa gumin iyaye ne, ko bashi, ko tarin shekara da shekaru.

Bari mu fara da kalmar araha ita kanta. Domin kada mu yi magana a iska, mun ɗauki misali ɗaya da ya shahara, watau Acer Nitro V 15, wadda ta fito a shekarar 2023, aka riƙa sayar da ita a Amurka tsakanin dala 700 zuwa 800 gwargwadon abin da aka saka mata. A can wannan kuɗi araha ne. Amma tun daga watan Yuni na 2023, sa'ad da gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, lissafi ya sauya mana. A cikin 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. In aka ɗauki dala 750 a wannan farashi, an tashi da naira miliyan ɗaya da dubu 125, ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, ke nan ma'aikaci mai wannan albashi sai ya tara na wata goma sha shida cur, bai ci ba bai sha ba. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata daga asusun lamunin karatu na NELFUND kuwa, sai ya shafe fiye da shekara huɗu da rabi yana tari. Abin da Ba'amurke zai saya ya gwada, in bai yi masa ba ya mayar wa kanti, mu a wajenmu jari ne wanda in ya nutse ba a sake tara irinsa da wuri. Saboda haka wajibi ne awonmu ya fi nasu tsanani.

To, me ke cikin wannan na'ura? Ƙwaƙwalwarta ita ce Intel Core i5-13420H, mai rassan aiki takwas, huɗu masu ƙarfi da huɗu masu tattalin wuta. Injin zanenta, a samfurin da aka fi nema, shi ne GeForce RTX 4050 na kamfanin Nvidia, mai rumbun kansa na gigabait 6. Allonta inci 15.6 ne, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa. Ana sayar da ita da RAM gigabait 8 ko 16, da ma'adanar SSD mai gigabait 512 galibi. Nauyinta ya ɗan haura kilo biyu. In mutum ya karanta wannan jeri a jikin kwali, zai ce ai magana ta ƙare. A ganinmu nan ne ma maganar ta fara, domin abubuwan da ke raba na'ura mai amfani da mai ban haushi ba su cika fitowa a jikin kwali ba.

Abu na farko shi ne wutar da aka yarje wa injin zane ya sha. Kamfanin Nvidia ya ba masu ƙera kwamfutoci dama su tafiyar da RTX 4050 a kan ƙarfin wuta daga wat 35 har zuwa 115, kowa gwargwadon yadda ya shirya sanyaya tasa na'urar. Suna ɗaya ne, tambari ɗaya ne, amma aiki ya bambanta. A cikin Nitro V 15 an ba injin wat 75. A cikin MSI Cyborg 15 ta 2023 an ba shi wat 45 kacal. A cikin Lenovo LOQ 15 ta 2023 kuwa ya samu wat 95. Misalin wannan kamar dawaki uku ne 'yan uwa ɗaya, amma ɗaya an ƙoshe shi da dawa, ɗaya an ba shi rabin mudu, sa'an nan aka ce su yi sukuwa tare. Masu gwaji sun nuna cewa in an haura wajen wat 100 ƙarin da ake samu kaɗan ne, amma tsakanin 45 da 75 akwai tazarar da ido ke gani. Ɗan kasuwa ba lalle ne ya san wannan adadi ba, in ma ya sani ba lalle ne ya faɗa ba. Mai saye na iya ganinsa da kansa in ya buɗe manhajar sarrafa injin ta Nvidia ya duba bayanan na'ura, aikin da bai fi minti biyu ba.

Har wa yau a kan injin zane, a yi hattara da suna. Wannan Nitro V 15 ɗin ana sayar da ita da RTX 4050, ana kuma sayar da ita da RTX 3050, har ma da RTX 2050 mai rumbun gigabait 4. Jikinsu ɗaya, kwalinsu kusan ɗaya, amma na ƙarshen ya yi nisa ƙwarai a bayan na farkon. Wanda ya ji an ce masa Nitro ce, ya ga farashi ya faɗi ƙasa, ya yi murna ya biya, wataƙila ganin kitse ya yi wa rogo.

Abu na biyu shi ne rumbun injin zane, watau gigabait 6 ɗin nan. A nan ne na'urar za ta fara tsufa. Wasannin da suka fi yawa a ɗakunanmu, irin su ƙwallon ƙafa na EA Sports FC, da GTA V, da Valorant, ba su da wata damuwa da shi. Suna tafiya sumul. Wasanni masu nauyi kamar Cyberpunk 2077 ma suna tafiya yadda ya kamata in an daidaita kyawun hoto a tsaka-tsaki, musamman da taimakon dabarar DLSS, wadda ke zana hoto a ƙarami sa'an nan ta faɗaɗa shi. Amma tun 2023 aka fara ganin wasanni irin su The Last of Us Part I da Hogwarts Legacy suna takura wa injuna masu ƙaramin rumbu, kuma wasan Indiana Jones da ya fito a watan Disamba na 2024 ya sa gigabait 8 a matsayin mafi ƙarancin abin da yake bukata. Shi kansa kamfanin Nvidia, da ya fito da RTX 5050 a 2025, gigabait 8 ya sa masa. Wannan rumbu kuwa a manne yake, ba a ƙara shi, ba a sauya shi. Yadda ka saye shi haka za ka rabu da shi. Wanda ke da halin ƙara kuɗi kaɗan ya kai ga RTX 4060 ko 5050 masu gigabait 8, a nan ne ƙarin kuɗinsa zai fi yi masa rana.

Abu na uku shi ne allo, kuma nan ne masu ƙera kwamfutoci masu araha suka fi tsuke hannu. Adadin 144 ɗin nan da ake rubutawa da manyan baƙaƙe gaskiya ne, kuma yana sa motsi ya yi laushi. Abin da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe shi ne kashi 45 cikin ɗari na ma'aunin launi na NTSC, wanda bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na launukan da aka saba aiki da su a intanet ba. Ma'anarsa ita ce ja zai yi fari-fari, kore zai kode. Ga ɗan wasa wannan ƙaramin aibi ne. Ga ɗalibin zane-zane, ko mai gyaran hoto, ko mai haɗa fim da ke fatan shiga Kannywood, babban aibi ne, domin zai daidaita launi a kan allon da ba ya nuna masa gaskiya, sai aiki ya isa wajen mai ɗab'i ko wajen malami sa'an nan a ga ɓarna. Irin wannan mutum ko dai ya nemi samfuri mai cikakken launi, ko ya sa kuɗin wani allo na daban a cikin lissafinsa tun farko.

Ba ma so a ɗauka kushe kawai muka zo yi. Na'urar tana da abin yabo, kuma babba ne: ana iya buɗe ta a ƙara mata kaya. Tana da gurbi biyu na RAM da gurbi biyu na SSD. Wanda ya sayi mai gigabait 8 zai ga tana numfashi da ƙyar in ya buɗe Revit ko Premiere Pro tare da shafukan intanet da yawa, amma da zarar ya ƙara mata sanda ta biyu ta kai 16, sai ta zama kamar wata sabuwa. Gigabait 512 na ma'adana kuma ba ya jimawa, tun da wasa ɗaya na zamanin nan na iya cin fiye da 100. Sai dai a tuna cewa a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawure abin da masana'antu ke fitarwa. Don haka duk mai niyyar sayen ƙarama ya ƙara daga baya, ya fara tambayar farashin abin da zai ƙara ɗin tukuna, kada gyara ya fi saye tsada.

Yanzu sai mu zo kan abin da masu gwaji na Turai da Amurka ba za su auna mana ba, watau ƙasarmu da yanayinta. Su suna gwajinsu a ɗakuna masu sanyi, inda zafi bai cika wuce digiri 25 ba. Mu kuwa a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafin rana na haura digiri 40, ɗakin ɗalibi mai rufin kwano kuma ba ya huce wa sai dare ya raba. Ƙwaƙwalwar wannan na'ura an yi ta ne ta rage gudu da kanta in ta kusa digiri 100, don kada ta ƙone. Iskar da fanka ke ja ita ce ke sanyaya ta, in iskar da zafinta ta shigo, na'ura za ta isa wannan iyaka da wuri, sai a ga wasa ya fara tsinkewa, aikin da ya kamata ya ƙare a minti ashirin ya ja dogon lokaci. Da bazara ta wuce kuma hunturu ya zo da ƙurarsa, wadda ke taruwa a fanka da ramukan iska kamar auduga. Wanda ya sayi irin wannan kwamfuta ya sayi ɗawainiya tare da ita: kada ya ɗora ta a kan katifa ko darduma, ya ɗaga bayanta don iska ta ratsa, ya kuma kai ta a share mata ciki aƙalla bayan kowane hunturu. Kowa ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa.

Sai batun wutar lantarki. Batirin wannan na'ura wat-awa 57 ne, cajarta kuma wat 135. Lissafi mai sauƙi zai nuna cewa injin da ke shan fiye da wat 100 in yana aiki mai nauyi ba zai daɗe a kan irin wannan batir ba. Domin haka ne in an zare caja na'urar ke rage ƙarfinta da kanta, duk da haka ba ta cika wuce awa ɗaya da wani abu ana wasa ba. A karatu da rubutu takan yi 'yan awowi, amma ba ta kamo ƙafar ƙananan kwamfutocin ofis ba. Kuɗin wutar ba shi ne abin tsoro ba: awa huɗu na aiki mai nauyi bai fi rabin yunit ba, ko a farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, ɗari da 'yan kai ke nan. Abin tsoro shi ne samuwar wutar. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A irin wannan lokaci kwamfutar wasa takan zama kilo biyu na ƙarfe da roba a cikin jaka. Mai dogaro da ƙaramin janareta kuma ya sani wutarsa mai hawa da sauka tana iya kashe caja, cajar wat 135 ta asali kuwa ba a samunta da arha. Duk wanda ba shi da tabbacin wuta, ko sola da inbata, ya sa wannan a ma'auni kafin ya sa hannu a aljihu.

Bayan duk wannan, mene ne hukuncinmu? Ya danganta da wanda ke tambaya. Ga ɗalibin gine-gine ko injiniya da zai yi shekara uku ko huɗu yana fama da AutoCAD da Revit da SolidWorks da Blender, wannan na'ura, in mai RTX 4050 ce kuma an kai RAM ɗinta gigabait 16, ta cancanci kuɗinta. Za ta yi masa aikin da kwamfutar ofis ba za ta iya ba, kuma mai himma na iya mayar da jarinsa ta hanyar yi wa mutane zanen gida ko haɗa musu bidiyon biki. Ga mai aikin launi, ta cancanta da sharaɗin da muka ambata. Ga ɗalibin lauya, ko tarihi, ko harsuna, ko akawun da aikinsa bai wuce rubutu da jadawalin lissafi ba, ba mu ga dalilin sayenta ba. Tsohuwar ThinkPad T480 ko EliteBook 840 G5 mai lafiya za ta yi masa duk abin da yake so a kan kaso kaɗan na wannan kuɗi, ga sauƙin ɗauka, ga rashin ƙarar fanka a ɗakin karatu. Sai dai ya lura kada ya sauka ƙasa da zubi na takwas na Intel, domin kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin injunan da suka girmi wannan zubi. Ga wanda wasa kawai yake so, ba mu ga laifinsa ba, gama nishaɗi haƙƙin ɗan Adam ne, amma ya faɗa wa kansa gaskiya, ya kuma faɗa wa mai ba shi kuɗin gaskiya. Abin kunya ne ɗalibi ya ce wa mahaifinsa makaranta ce ta wajabta, a sayar da sa ko a jinginar da gona, alhali ƙwallo zai buga a kan allo.

Ga waɗanda suka yanke shawarar saye, ko a Titin Beirut na Kano ne, ko a Banex ta Abuja, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, muna ba da shawara kada a biya sai an gwada, domin gani ya kori ji. A karanta cikakkiyar lambar samfuri da ke ƙarƙashin na'ura, a gwama ta da abin da ke jikin kwali. A duba sunan injin zane da girman rumbunsa da yawan wat ɗinsa a cikin na'urar kanta. A sa mata wasa ko wani aiki mai nauyi na tsawon minti ashirin ko talatin, ana kallon zafinta da manhajar HWiNFO, wadda kyauta ce. Na'ura mai ciwo takan yi kyau a minti biyar na farko. In ta hannu ce, wadda ake kira tokumbo, a nemi rahoton batir na Windows a ga nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, a duba lafiyar ma'adana da CrystalDiskInfo, a saurari fanka ko tana gurnani, a buɗe murfi a rufe a ji ko maɗaurinsa ya saki. A tambayi garanti: na wata nawa ne, wa zai gyara, a wane gari, a kuma karɓe shi a rubuce tare da rasit mai ɗauke da lambar na'ura. Ɗan kasuwar da ya hana a gwada ya riga ya ba da amsa. Wanda bai san kan waɗannan abubuwa ba ya tafi da abokin da ya sani, ladan rakiya bai kai asarar miliyan ba.

Muna kuma kira ga sassan karatu da ke wajabta wa ɗalibai manhajoji masu nauyi da su riƙa fitar da bayani a rubuce, a farkon kowace shekara, na mafi ƙarancin na'urar da za ta wadatar a kowane aji. Rashin wannan bayani ne ke sa ɗan aji ɗaya ya sayi abin da ba zai bukata ba sai ya kai aji uku, lokacin da na'urar ta riga ta fara gajiya, wani kuma ya sayi abin da ba zai yi masa aikin komai ba. Haka nan waɗanda suka riga suka mallaki irin waɗannan kwamfutoci, su daure su riƙa faɗa wa 'yan baya gaskiyar abin da suka gani, da daɗinsa da ɗacinsa, su bar kurarin abin da suka saya don kawai su ne suka saya. Shaidar wanda ya yi bazara biyu da hunturu biyu da na'ura a ɗakin kwanan ɗalibai ta fi mana amfani a kan ta baƙon da ya gwada ta mako guda a ɗaki mai na'urar sanyi.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, sun kuma ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Duka biyun gaskiya ne, sai dai nagari a wannan fage shi ne wanda ya dace da aikin mai shi, da wutar unguwarsa, da zafin garinsa, da kuma ƙarfin aljihun gidansu. Kowa ya rubuta waɗannan huɗu a takarda kafin ya nufi kasuwa, da wuya fitilu masu launi su ruɗe shi.